Sauri ne ke kawo daidaito, ko daidaito ne ke kawo sauri?

Abba Mabera:
Assalamu alaikum 'yan gida. Masu buga gem ɗin bin kiɗa ku matso kusa, akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Mutum biyu ne. Na farko yana iya kai waƙa mai bugu 200 a minti har ƙarshe, amma daidaitonsa yana tsayawa wajen kashi 85. Na biyu ba ya haura 150, sai dai in ya buga za ka ga 98 ko 99. Wane ne gwani a cikinsu? Ni dai ban ɓoye ba, ina bayan mai sauri. Daidaito ana gyara shi daga baya. Sauri kuwa in babu shi a hannu, to babu shi, kuma duk waƙoƙin da manya ke bugawa sun fi ƙarfinka ke nan.

Nura Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, wane gem kake nufi? Domin amsar tana canzawa. In Piano Tiles 2 ne, wanda muka yi ta bugawa tun 2015, ba ma sai an ja zance ba. Baƙaƙen tayil suna gangarowa, gudu yana ƙaruwa, har ɗaya ya kuɓuce maka ko ka taɓa inda ba a ce ba. Ba ruwansa da lokacin da ka taɓa, muddin tayil ɗin bai wuce ba. A can mai sauri shi ne sarki. Amma osu! da Arcaea da Cytus suna auna ainihin lokacin da yatsanka ya sauka. A irin waɗannan, kashi 85 ba abin nuna wa mutane ba ne.

Abba Mabera:
osu! nake nufi Yaya Nura, a laftof. Da kuma Arcaea a waya.

Usman Kwannawa:
Bari in kawo lissafi, don kada mu auna abin da ido. A osu! ɗigo shi ne alamar da ake dannawa, kuma abin da ake kira jere shi ne ɗigo huɗu a kowane bugu. Waƙa mai 180 ke nan dannawa 12 a daƙiƙa ɗaya, kuma tsakanin dannawa da dannawa milisakan 83 ne kacal. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A 200 tazarar tana komawa 75.

Sai rangwamen da gem yake yi maka. Kowace waƙa da aka tsara tana da lambar OD, wadda ke nuna tsananin yadda ake auna lokacin dannawa. Don ka sami cikakken maki, wato 300, ka ninka OD sau shida ka cire daga 80. In OD 8 ne, an yafe maka milisakan 32 kafin lokaci da 32 bayan lokaci. Ka wuce haka zuwa 76, sai a ba ka 100, wanda a lissafin daidaito sulusi ne kawai.

To yanzu a ce jeren yana tafiya a 180, hannunka kuma iyakar ƙarfinsa 170. Bambancin kamar ba komai. Amma kowace dannawa kana makara da kusan milisakan 5, kuma makarar taruwa take yi. Kafin ɗigo na takwas ka fita daga 300. Wajen ɗigo na 16 ko 17 ka fita daga 100 ma. Mutum zai duba sakamako ya ce ba shi da daidaito, alhali hannunsa ne bai kai gudun ba.

Abba Mabera:
Alhamdu lillahi! Ai ka gama magana Malam Usman. Ka ga ke nan sauri ne tushe.

Usman Kwannawa:
Dakata, rabin lissafin ka ɗauka. Juya shi. Jeren yana 180, kai kuma saboda rawar jiki kana tafiya a 190. Kowace dannawa kana riga lokaci da fiye da milisakan 4. Ɗigo takwas, ka fita daga 300 ta ɗaya gefen. Wannan yana da sauri har da rara, kuma sakamakonsa ɗaya da na wancan. Abin da gem ke nema shi ne ka tsaya a 180 cif, ka riƙe shi.

Nura Runjin Sambo:
Nan ne inda nake. Kuma ina so a kalli mai kashi 85 ɗin nan da kyau, ba allon sakamakonsa ba, hannunsa. Na zauna kusa da yara masu irin wannan bugu a Runjin Sambo. Da jere ya taso sai ka ga kafaɗa ta ɗaga, wuyan hannu ya sandare, jijiyar bayan hannu ta fito, numfashi ya tsaya, yatsu biyu suna karkarwa a kan madannai. Ba bin kiɗa yake ba, watsa yatsu yake, yana fatan rangwamen gem ya kwashe masa wasu. Kuma yana kwashewa, shi ya sa yake kai ƙarshe. Ka ce masa ya buga ɗigo tara cif ya tsaya, sai ya yi goma ko goma sha ɗaya, domin ba shi ke tuƙa yatsun ba.

Abin da ke damuna shi ne maganar "a gyara daga baya". Hannu abin da aka saba masa shi yake riƙewa. Wanda ya daɗe yana sandare hannu in ya ga jere, ko ka mayar da shi 140, sandarewar za ta biyo shi. Kwance wannan ɗabi'a ya fi koyon farko wuya.

Ɗan Gawon Nama:
Amma Yaya Nura duk manyan 'yan osu! na duniya masu sauri ne fa. Ba wanda ya yi suna da 150.

Nura Runjin Sambo:
Haka ne. Je ka duba daidaitonsu a wannan gudun, sannan ka dawo. Ba a 85 suke ba.

Zainab Arkilla:
Salamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu, kuma akwai abin da kowa ya ɗauka tabbas ne wanda ni ban gan shi haka ba. Kuna magana kamar waƙa mai sanyi ta fi sauƙin daidaito. Ni Cytus da Deemo nake bugawa a tab, kuma inda na fi zubar da maki shi ne waƙoƙin fiyano masu jan jiki, inda alama ɗaya za ta zo, a yi shiru, sannan wata ta zo. A nan ne nake riga lokaci. In waƙa tana da ɗan gudu, matsakaici, hannu yana shiga cikinta ya zauna, kusan ba na tunani. To in sauri ne abokin gabar daidaito, me ya sa haka?

Usman Kwannawa:
Anti Zainab wannan tambaya ce mai kyau. Ni ma haka nake gani a sandar da ke ƙasan allo a osu!, wadda ke nuna ka riga ko ka makara. A sanyin waƙa alamomin sun fi warwatsuwa zuwa hagu.

Malam Sani (admin):
Wa alaikumus salam gaba ɗaya. Zainab ta taɓo inda maganar take, don haka bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da ni.

Daidaito iri biyu ne, kuma kuna haɗa su a kwando ɗaya. Akwai daidaiton wuri, wato hannunka ya sauka a inda ake so. Akwai daidaiton lokaci, wato ya sauka sa'ad da ake so.

Na wuri shi ne wanda masana suka daɗe da aunawa. Robert Woodworth ya yi rubutu a kai tun 1899, sannan a 1954 wani masani a Amurka, Paul Fitts, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa. Ya sa mutane suna taɓa wurare biyu da tsinke, nan da can, nan da can, yana canza nisansu da faɗinsu. Abin da ya samu shi ne, gwargwadon nisan wuri da ƙanƙantarsa, gwargwadon lokacin da hannu ke bukata. Ka tilasta wa hannu ya rage lokacin, sai ya fara sauka a gefe. Wannan gaskiya ce da ba ta da makawa, kuma ita ce ke cin Abba a osu! idan da'irori suka yi nisa da juna yana bin su da linzami, ko a Arcaea idan yatsa zai tashi daga ƙasa zuwa sama. A nan kam sauri da daidaito ciniki suke, ka ƙara wannan ka rage wancan.

Na lokaci kuwa halinsa daban. An yi gwaje-gwaje masu yawa inda ake sa mutum ya bi ƙarar na'urar ƙidayar bugu da yatsa. Abubuwa biyu sukan fito. Na ɗaya, yawancin mutane suna riga ƙarar da 'yan gomomin milisakan ba tare da sun sani ba, kuma makaɗa da suka ƙware sun fi kowa rage wannan. Na biyu, gwargwadon tsawon shirun da ke tsakanin bugu da bugu, gwargwadon warwatsuwar dannawar. Dalili a fili yake: a cikin shirun nan kai kake ƙidaya a ranka, kuma ƙidayar rai tana ƙara kuskure in ta yi tsawo. To Zainab, abin da kike gani ba naki ba ne ke kaɗai, haka ɗan Adam yake.

Saboda haka daidaiton lokaci yana da tsakiya. Can ƙasa yana lalacewa don shiru ya yi yawa. Can sama yana lalacewa don hannu ya kai iyakarsa. Kuma wannan iyakar ta sama tana matsawa da horo.

Abu na ƙarshe. Daga ido ya ga abu zuwa yatsa ya motsa, mutum yana cin wajen milisakan 200 zuwa 250. Usman ya ce tazarar jere a 180 milisakan 83 ce. Wato kafin ka amsa ɗigo ɗaya da ido, biyu ko uku sun wuce. Babu wanda ke buga jere ta hanyar gani ya danna, komai kaifin idonsa. Hango shi ake yi tun daga nesa, kunne ya ba hannu gudun, hannu ya tafi da kansa.

Abba Mabera:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma in na fahimta, kun ce iyakar sama tana matsawa da horo. To ta yaya za ta matsa in ban buga abin da ya fi ƙarfina ba? Yaya Nura so yake in zauna a 150 har sai na ga 99. Ni kuma gani nake zan tsufa a nan.

Nura Runjin Sambo:
Ba za ka tsufa ba. Ka samu 98 a 150, ka hau 155. Ka samu, ka hau 160. A hankali, ba tsalle. Sauri da kansa zai zo.

Malam Sani (admin):
A nan kam, Nura, ban bi ka gaba ɗaya ba. Abba yana da gaskiya a wani ɓangare. Motsin da hannu ke yi a 140 ba shi ne yake yi a 200 ba. A ƙasa kana iya ɗaga yatsa sosai ka sauke, kowace dannawa da niyyarta. A sama dole ɗagawar ta ragu, wuyan hannu ya shigo ya taimaka, dannawa huɗu ko takwas su zama motsi ɗaya. Wanda bai taɓa leƙa can ba, hannunsa bai san akwai wannan motsin ba, kuma zai iya kai wa wani mataki ya maƙale, ko da daidaitonsa 99 ne.

Inda ba na tare da Abba shi ne tsawo. Leƙa sama ake yi, ba tarewa ba. Gajerun jere na ɗigo biyar ko tara a gudun da ya ɗan fi ƙarfinka, da hutu a tsakani, hannu a sake. Da ka ji kafaɗa ta fara ɗagawa, ka sauko. Waƙar minti uku a 200 da sandararren hannu ba ta koya maka komai sai sandarewa.

Nura Runjin Sambo:
Na yarda da gajerun jere Malam. Amma in aka ba yaro wannan izini, ba ya tsayawa a gajeru. Na sha gani. Shi ya sa nake rufe ƙofar tun farko.

Malam Sani (admin):
Wannan matsalar haƙuri ce, ba ta hanyar horo ba.

Kabiru mai gyaran waya:
Ku gahwarce ni in sa baki, don dut abin da kunka hwaɗi na hannu na, ba wanda yat taɓa maganar na'ura. Ni kuwa kullum wayoyin ga na hannuna.

Na hwarko, iyafis. Yaro shina zuwa shago shi ce mani sikirin nai ya lalace, gem ba ya karɓar dannawa daidai. In diba, sikirin lahiya lau. Matsalar iyafis na Bluetooth da yas saka. Sauti ta Bluetooth yana makara, sau da yawa hiye da milisakan 100, wani har ya kai 200. Malam Usman ya ce rangwamen 32 na. To ka ga kunne na jin abin da ya riga ya wuce. Mai waya shi nemi iyafis mai igiya, ko da na arha na.

Na biyu, zahi. Wanga gari namu, watan Afrilu zahi na wuce digiri 40. Waya in ta ɗau zahi da kanta taka rage ƙarhin aiki don kar ta ƙone. Sikirin na yau da kullum yana sabunta hoto sau 60 ga daƙiƙa, kowane hoto kusan milisakan 17. In ta rage, sai hoto ya riƙa tsalle, alamomi su riƙa zuwa da ƙyar. Ga kuma mai bugawa ya jona caji yana bugawa, ya bar ta cikin kwandon roba mai kauri. Hidda kwandon, cire caji, ka zamna inuwa.

Na ukku, yatsa. Da zahi zuhwa ka sa yatsa ya liƙe ga gilashi, ba ya zamewa. Da hunturu kuma hwata ta bushe, ga ƙura, wani lokaci sikirin bai jin taɓawar sosai. Sannan gilashin kariya da yat tsage, ko wanda iska yas shiga ƙarƙashinai. Kahin mutum shi yanke ma kainai hukunci cewa bai da daidaito, shi diba waɗanga.

Usman Kwannawa:
Gaskiya ne Malam Kabiru. Har lasifika ma. Sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita. In lasifikar tana can ƙarshen ɗaki, mita uku, ka yi asarar 9 daga cikin 32 tun ba ka taɓa komai ba.

Aliyu Ƙofar Rini:
Ni tambayata daban ce. Duk wannan lissafi a kan gem na kiɗa? Lokaci fa amana ne, kuma wasunmu ba sa son sauraron kiɗa ma.

Malam Sani (admin):
Tunatarwa ce mai kyau Malam Aliyu, Allah ya saka. Kada gem ya ci lokacin salla ko karatu, wannan ba gardama. Wanda kuma ba ya son kiɗa amma yana son gwada abin da muke faɗa, akwai manhajojin ƙidayar bugu kyauta, ƙas-ƙas kawai suke yi. Da su da tebur sun isa. Sauran maganar a buɗe mata nata zaren, kada wannan ya karkace.

Ɗan Gawon Nama:
Akwai wani sauri da ba a ambata ba. A osu!mania, wato salon osu! da alamomi ke gangarowa, da Arcaea ana iya ƙara gudun gangarowar alamomi ba tare da waƙar ta canza ba. Da na fara, a ƙasa nake barinsa don in sami lokacin gani. Wani ya ƙara mini, sai daidaitona ya hau nan take. Wannan fa?

Usman Kwannawa:
Wannan saurin ido ne, ba na hannu ba. Dannawar tana nan yadda take, 12 a daƙiƙa in 12 ce. Abin da ya canza shi ne tazarar alamomi a allo. In gangarowa tana da sanyi, alamomi da yawa suna cunkushe a wuri ɗaya, ba ka bambance wadda ta riga wata. In ka ƙara, sai su baje, ka ga tsarin sarai. Kuma kuskuren milisakan 20 yana zama nisa babba a allo, ido yana iya kama shi. Ba sabon abu ba ne, beatmania IIDX na kamfanin Konami a Japan ya daɗe da irin wannan saiti, kuma ƙwararrunsa ba sa bugawa sai sun daidaita shi. Amma shi ma yana da iyaka. In alama tana fitowa ta wuce kafin ido ya karanta tsarin, ka koma hasashe.

Kada kuma a haɗa shi da DT a osu!, wanda ke ƙara gudun waƙar kanta da rabi. Waƙar 120 tana zama 180, kuma rangwamen ma yana matsewa, 32 ya koma wajen 21. Wannan kam hannu da kunne duka yake gwadawa.

Zainab Arkilla:
Ina so in koma kan maganar Yaya Nura ta yatsu biyu. Yatsa ɗaya shi kaɗai, a wajen yawancin mutane, bai cika wuce dannawa shida ko bakwai a daƙiƙa ba. Don haka 12 dole sai an raba wa biyu. Duk wadda ta taɓa yin lugude ta san sirrin. Mata biyu a turmi ɗaya, ba wadda ke ƙoƙarin ta fi 'yar'uwarta sauri. Taɓarya ɗaya tana tashi, ɗaya tana sauka, tazarar daidai wa daida. In ɗaya ta yi gaggawa, taɓare ne za su haɗu. Haka yatsun nan suke. Yawancin masu watsa yatsu, ɗan manuni yana da ƙarfi, na tsakiya yana bin sa a guje, sai ka ji ta-tam, ta-tam, maimakon ta-ta-ta-ta. Jimillar gudun ta kai, amma rabin ɗigon sun riga lokaci, rabi sun makara. Ku buga a tebur ku saurara, kunne zai gaya muku.

Abba Mabera:
Anti wallahi na gwada yanzu a benci. Ta-tam nake ji.

Nura Runjin Sambo:
To ka fara jere da yatsan tsakiya na wani lokaci. Ka tilasta masa ya yi jagora. Da farko za ka ji kamar hannun wani ne.

Zainab Arkilla:
Sannan don Allah maganar ciwo, tunda fannin lafiya nake karanta. Tsokokin da ke lanƙwasa yatsu yawancinsu a damtsen ƙasa suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, jijiyoyinsu ne ke ratsa wuyan hannu su kai yatsu. Mai sandare hannu yana sa tsokar lanƙwasawa da ta miƙewa su yi aiki lokaci guda, suna ja da juna. Shi ya sa yake saurin gajiya, kuma shi ya sa saurin nasa ba ya daɗewa. Gajiya da ke wucewa bayan hutu ba komai. Amma zafi mai tsini a wuyan hannu, ko yatsu su riƙa mutuwa, ko jin kamar ana tsira allura, wannan a ajiye gem. In ya ƙi tafiya a je asibiti. Babu makin da ya kai hannu daraja, da shi za a rubuta jarrabawa.

Ɗan Gawon Nama:
To ni har yanzu ban ji an ce wane ne gwani ba.

Usman Kwannawa:
Domin an auna su a ma'auni daban. Ka sa su duka a 170 ka gani. Kuma kada ku tsaya ga kason daidaito kawai. osu! yana ba da wata lamba a ƙarshen waƙa, UR, wadda ke nuna yadda dannawarka ta warwatsu. An ninka ta sau goma, don haka UR 100 yana nufin warwatsuwar wajen milisakan 10. Ƙarama ta fi. Amfaninta shi ne ba ta damu da ko duk dannawarka ta karkata gefe ɗaya ba. Mutum zai iya samun ƙaramin kaso saboda na'urarsa na makara, alhali UR ɗinsa mai kyau ne. Wannan saiti kawai yake bukata. Wanda UR ɗinsa ya yi girma kuwa, babu saitin da zai cece shi.

Nura Runjin Sambo:
Ni kuɗina yana kan mai 98. Ba zai ji daɗin 170 ba, amma zai san inda ya kuskure. Ɗayan ba zai sani ba.

Abba Mabera:
Ni kuma ina ganin a 170 mai 200 zai huta, hannunsa ya saki, daidaitonsa ya hau. Rarar nan tana da amfani.

Malam Sani (admin):
Tana da amfani in rarar gaskiya ce. Wanda ke iya 200 da sakakken hannu, 170 wasa ne a wurinsa, nan Abba ya yi daidai. Wanda ya kai 200 da karkarwa ba shi da wata rara, domin karkarwa gudu ɗaya gare ta, ba a rage ta ba a ƙara ta. Ka sauko da shi 170, sai ya riƙa riga lokaci kamar yadda Usman ya lissafa. Gwajin mai sauƙi ne: ka ce masa ya buga 200, sannan 185, sannan 170, a jere. In yana iya sauka mataki-mataki ya zauna a kowanne, saurin nasa ne.

Abba Mabera:
Zan sa shi ya gwada in sha Allahu, ni ma zan gwada. Malam Kabiru, saitin nan na cikin Arcaea na gyara jinkirin sauti, yaya ake gane lambar da ta dace? Ni kawai na bar shi yadda ya zo.

Kabiru mai gyaran waya:
Sa iyafis ɗin da za ka riƙa bugawa da shi, ba wani ba, don kowane da nashi jinkiri. Zaɓi waƙa mai sauƙi wadda kas sani ƙwarai, matsakaiciya, ba mai jan jiki ba don abin da Malam yah hwaɗi na riga lokaci. Buga ta kana bin kunne, ka lura da abin da gem ka nuna maka, ko ka riga ko ka makara. In ɗaya ya rinjayi ɗaya sosai, matsa lambar kaɗan, kamar 5 ko 10, ka sake bugawa. In abin ya ƙaru, ka matsa ta ɗaya gehen. Ka tsaya inda sunka yi kusan daidai. Kuma in dole sai da Bluetooth, kashe ƙarar dannawa, don saiti na iya daidaita waƙa da hoto, amma ƙarar da yatsanka ka hiddawa dole ta makara.

Abba Mabera:
Madalla, na gode. In an canza waya sai an sake?

Kabiru mai gyaran waya:
Sai an sake. Ko iyafis kac canza, sake aunawa.